Jiniyar Ƙarfe Shida Ta Sake Kuka

Contagem, Minas Gerais
Maris, 2016

Jurandir, kurman gidanmu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da 'yarka Shirlene. Ya sanyin Amurka? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarka, Gwaggo Efigênia, ƙafar ce dai take damunta, amma bakin yana nan daram. Ranar Lahadi ta tashi da wake da garin rogo har da ƙari, sannan ta ce in gaya maka hoton da ka aiko ya nuna ka yi tumbi kamar fada mai babban coci. Tarcísio, abokin kiɗanmu, shi ma yana gaishe ka. Yana nan yana tuƙa bas ɗinsa, gashin nan da yake taƙama da shi ya ƙare tas.

Da kana jin waya, da tuni na fasa maka ɗayan kunnen da ihu. Tunda ba ka ji, kuma ka rantse yatsunka sun fi ƙarfin rubutu a waya, to nemi wuri ka zauna ka karanta.

Ran Talata ina makarantar koyon tuƙi, na fito daga mota ke nan bayan wata ɗaliba ta kusa haɗa ni da bishiya, sai ga wata mata sanye da baƙaƙen kaya, hannu duk zane. Ta ce, "Don Allah ke ce Ivonete, mawaƙiyar ƙungiyar Vagão Cego?" Na ce, "Wa ya mutu?" Domin rabon da wani ya kira ni da sunan nan tun ina da ƙugu. Sai ta buɗe jaka ta fito da faifanmu. Jura, faifanmu! Apito das Seis, Jiniyar Ƙarfe Shida, da hoton bututun masana'antar nan da marigayi Wanderley, mai jitarmu, ya zana a bangonsa. Ta riƙe shi da hannu biyu kamar jinjiri. Ni da na san ragowar kwafin Gwaggo ta rataye su a lambu don korar tsuntsaye!

Sunanta Keila, tana da ɗan kamfanin buga faifai a Belo Horizonte, kuma ita ma makaɗiyar ganguna ce irinka. Ta ce wani ya ɗora faifan a intanet, yanzu mutanen Chile da Poland da Japan rubutu suke ta yi a kansa. Wani marubuci ya ce a duk kiɗan tirash, irin namu mai gudu da ihu, da aka yi a Minas a 1988, babu wanda aka zalunta kamar namu. Ka san abin da suke yabo? Abin da aka zage mu a kansa. Cewa mace ce take waƙar. Cewa da harshenmu muka yi, lokacin da kowa yake karya haƙori da Turanci. Da kuma gangunanka.

Na karɓi kwafi a wayarta, na shiga motar koyo na kulle gilashi na saurara tun daga farko har ƙarshe. Rabona da shi ya fi shekara ashirin. Ɗan gwaggona, ashe mun iya! Waƙa ta uku sai da na buga kai a sitiyari har oda ta yi kuka.

Keila tana son ta sake buga faifan, an samo ainihin zaren kaset ɗin da aka ɗauke mu a kai, injiniya zai gyara sautin. Kuma tana son mu hau dandamali a bikin metal, na masu irin kiɗanmu, da za a yi nan Contagem a watan Oktoba. Tarcísio ya ce ko a kan gadon asibiti yake zai zo. Saura kai.

Taka 'yar kawu,
Nete


Framingham, Massachusetts
Afrilu, 2016

Nete, uwar surutu,

Na samu wasiƙarki, na gode. Lafiyata ƙalau, sai bayan da yake ciwo in na daɗe a kan rufin gida. Shirlene tana lafiya, an mai da ita sashen haihuwa a asibitinsu. Ki gaida Inna, ki ce mata tumbin gado ne, ta duba madubi. Ki tabbata tana shan maganin ƙafar, kada ta zuba wa furanni.

Da farko na ɗauka kin fara shan barasar rake da rana. Sai na ba Shirlene wasiƙar, ta buɗe kwamfuta, ta nemo. Nete, ga mu nan! Mutane ɗaruruwa sun yi rubutu a ƙasa. Ta riƙa fassara mini. Wani ya ce, "Wane ne wannan mai gangan, hannu huɗu gare shi?" Na sa ta maimaita mini har sai da ta gaji. Yarinyar nan ta girma tana ganin ubanta da guduma da tsani, ba ta taɓa sanin na riƙe sandar kiɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Baba, kai ne wannan mahaukacin?" Na ce ni ne, kuma wadda take ihu kamar an taka wa mage jela gwaggonki ce.

Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, kin sani, na dama kuma da na'ura yake aiki. Sai na ɗora tafin hannuna a kan sifika, na ji komai ta ƙashi. Washegari ina kan rufin wani gida, yaran aikina suka ce, "Maigida, lafiya?" Ashe da guduma biyu nake kaɗa waƙa ta biyar a kan katakon mutane.

Kin tuna abin da ɗan jaridar nan ya rubuta lokacin da faifan ya fito? Wai gangunana kamar tukwane ne suke gangarowa daga bene. Bai san kiɗan marigayi Kaka Onofre ba ne na ninka saurinsa. Da ya taɓa tsayawa a bikin Rosário na cocin unguwarmu ya ga Kaka a gaban masu ganga, da bai yi wannan ɓaranɓaramar ba. Kuma kin tuna ranar da muka kai Kaka situdiyo? Ya sa farar rigarsa ta biki, ya dubi Wanderley da gashinsa har gadon baya, ya ce, "Yarinya, matsa in zauna." Ya kaɗa babbar gangarsa a waƙar ƙarshe, ya rera kiran nan nasa, ya tashi ya ce a ba shi kofi. Inna ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba, wai na kai uban mutane gidan shaiɗanu. Har yau ba ta taɓa sauraron faifan ba.

Tsohuwar zuma dai, da ita ake magani. Na yi murna, Nete, murnar da ban yi irinta ba tun haihuwar Shirlene.

Maganar zuwa kuwa, kin san halin da nake ciki. Ba ni da takardun zama. In na fita daga ƙasar nan, ƙofa ta rufe a bayana. Ga aikina, ga 'yata. Ba na ce a'a ba, ban kuma ce to ba. Ki ba ni lokaci.

Wani abu kuma: me ake nufi da injiniya zai gyara sautin? Me ya lalace?

Naki,
Jura


Contagem
Mayu, 2016

Jura,

A tsaye nake rubuta wannan, ɗalibi yana jirana a mota. Kowa lafiya, Gwaggo ta samu sauƙi har ta je coci da ƙafarta.

Mun fara atisaye a garejin Tarcísio! Muryata ta fito, sai dai bayan waƙa biyu sai na sha zuma da lemon tsami. Ƙanin Wanderley ne ya ɗauki jitar yayansa, kuma wallahi in ka rufe ido sai ka ce marigayin ne. Maƙwabta sun kira mana 'yan sanda, 'yan sandan suka tsaya suka saurari waƙa ɗaya kafin su ce mu rage.

Jiya mun je situdiyo. Injiniyan ya cire gangunanka daga waƙoƙin gaba ɗaya, ka zo ka ji yadda abin ya yi daɗi! Duk wanda ke ɗakin sai da ya miƙe tsaye. Keila ce take zaune a kujerarka yanzu, kullum sai ta jiƙe da gumi. Kada ka damu kanka da maganar zuwa, ka yi abin da ya fi maka.

Sai na zauna zan rubuta maka doguwa.

Nete


Contagem
Yuli, 2016

Jurandir,

Lafiya kuwa? Wata biyu ba wasiƙa. Na aika wa Shirlene saƙo, ta ce lafiyarka ƙalau, kana fita aiki kana dawowa, amma ka hana a kunna faifan a gidan, kuma in ta ambaci sunana sai ka cire na'urar kunnenka ka ajiye a kan tebur. Wannan wane irin iskanci ne? Gwaggo kullum sai ta tambayi mai kawo wasiƙu. Na gaji da yi mata ƙarya cewa gidan waya ne suke yajin aiki.

In na yi maka laifi, faɗa mini. Tare aka yaye mu, ba yau muka fara faɗa ba.

Nete


Framingham
Yuli, 2016

Ivonete,

Ina lafiya. Ki gaida Inna.

Kin ce an cire gangunana gaba ɗaya, abin ya yi daɗi, har mutane sun miƙe tsaye. Kin ce wata ta zauna a kujerata, kada in damu da zuwa. Na fahimta. Ashe ɗan jaridar nan gaskiya ya faɗa, ku ma kun sani, kunya ce ta hana ku faɗa mini tuntuni. Ku buga faifanku mai tsabta, Allah ya ba da kasuwa. Abu ɗaya nake roƙo: ku cire sunana daga bango, kuma kada wanda ya taɓa gangar Kaka.

Na riga na je wurin lauya na tambayi yadda tafiya za ta kasance. Har na fara neman mai sayen motar aikina. Gara da wasiƙarki ta zo kafin in yi wautar.

Jurandir


Contagem
Agusta, 2016

Kai jakin Framingham,

Ina gaishe ka duk da ba ka cancanta ba. Kowa lafiya. Na karanta wasiƙarka na yi dariya har na ƙware, daga baya na zauna na yi kuka, don na ga da hannuna na soka maka wuƙa ban sani ba. Na ɗauka kunnenka ne kaɗai ya mutu, ashe har da kan.

Saurara da kyau. Injiniyan ya cire gangunanka ne gefe guda, ya kashe jita, ya kashe muryata, ya bar ka kai kaɗai muka saurara. Abin da ya yi daɗi ke nan! Kai ne ka tayar da mutane tsaye, sakarai! Ya ce a wancan lokacin wanda ya haɗa sautin ya danne ka a ƙarƙashin jita, shi ya sa aka ji kamar rikici. Da ya ɗago ka, sai ga abin a fili: ƙafafunka suna gudun tirash, hannayenka suna kiɗan Rosário, kuma ba inda ka kauce ko sau ɗaya. Mutumin nan ya cire gilashinsa ya ce, "Wannan yana da rai?" Na ce yana nan Amurka yana buga ƙusa.

Keila kuwa aron kujerar ta yi don mu samu yin atisaye. Ta ce in gaya maka waƙa ta biyar ta gagare ta. Ta kawo wani abokinta suka raba, ita ƙafa, shi hannu, duk da haka suna tuntuɓe. Ta ce in ba ka zo ba, za a tsallake waƙar, don ba za ta ci mutuncin kanta a gaban jama'a ba. Da na ce kada ka damu da zuwa, tausayinka na ji, don na san abin da za ka bari. Tunda tausayi bai karɓe ka ba, to ga gaskiya: muna buƙatarka, kuma ni ina son ka zo.

Yanzu ga babban labarin. Injiniyan ya ware mana muryar Kaka da gangarsa su kaɗai. Na kai wa Gwaggo a waya ban gaya mata ko mene ne ba. Tana tsince wake a tire, na kunna. Jura, tiren ya zame daga cinyarta, wake ya watse ko'ina. Ta ce, "Baba ne." Ta miƙa hannu tana laluben wayar kamar za ta kamo shi. Ka san in ba a faifan nan ba, ba mu da muryarsa a ko'ina, ko hotonsa mai kyau ba mu da shi. Ta sa na maimaita har batir ya mutu. Daga nan ta share ido ta ce, "To kunna mini haukan gaba ɗaya in ji." Ta saurari faifan duka, fuska a murtuke. Da ya ƙare ta ce, "Ke muryarki ba daɗi. Amma yaron nan hannun ubana gare shi." Sai ta tambaye ni, "Zai zo?"

Ban ba ta amsa ba. Kai za ka ba ta.

Nete


Framingham
Satumba, 2016

Nete, 'yar kawuna,

Lafiya lau nake, kunya ce kawai take neman kashe ni. Jakin ya karɓi sunansa. Ki yi haƙuri. Amma ke ma ki koyi rubutu a zaune.

Na karanta wa Shirlene wurin da tire ya faɗi, ban iya ƙarasawa ba, ita ta ƙarasa. Ta ajiye takardar ta ce, "Baba, me kake jira?" Na ce lauya ya ce in na fita, shekara goma ba zan shigo ba, wataƙila ma har abada. Na ce wa zan bar wa ke? Ta ce, "Ni a nan aka haife ni, fasfona yana shiga yana fita. Ni zan riƙa zuwa. Kai kuwa Kaka Efigênia ba za ta jira ka shekara goma ba." Na ce aikina fa? Ta ce, "Gidajen Amurka ba za su rasa mai rufe su ba. Waƙa ta biyar ce ba ta da kowa." Kin ji 'yar da na haifa. Bakinki ta ɗauko.

Na sayar da motar. Na bar wa yarana kayan aiki. Na sayi sanduna, na jera bokitan fenti a ɗakin ƙasa, kullum in na tashi sai na yi ta kaɗawa har hannu ya kumbura. Satin farko ƙafar dama ta ƙi bin umarni, na zauna ina zaginta. Yanzu ta fara tunawa. Ki gaya wa Keila ta matso da sifika kusa da kujerar ta manna da ita, don ta jiki zan ji ku.

Tsoro nake ji, Nete, ba zan ɓoye miki ba. Amma rabon da in farka da asuba ina ɗokin gari ya waye haka, na manta.

Ki gaya wa Inna ina tafe farkon Oktoba. Ta dafa kaza da kuɓewa. Kada ki zo tarye na da motar koyo, ina da mutunci.

Naki,
Jura


Contagem
Oktoba, 2016

Shirlene, 'yata,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Ya aiki, ya masu haihuwa? Na sauka lafiya. Kakarki tana gaishe ki, gwaggonki Nete ma haka. Da motar koyon ta zo, har da allon a sama. Kakarki da ta gan ni, ta kama kunnuwana biyu ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in je in wanke hannu abinci yana hucewa.

Na san kin ga bidiyon, amma bidiyo bai ga abin da na gani ba.

Da la'asar aka sa mu, a filin wata tsohuwar masana'anta da aka rufe. Na leƙa daga bayan dandamali na ga baƙaƙen riguna har bakin katanga, sai na ja da baya. Wasu sun zo daga São Paulo, wani ya ce daga Chile ya hau bas. Tarcísio ya dafa ni ya ce, "In ka faɗi, ka faɗi gaba, kada ka fasa musu ganguna, na aro ne." Gwaggonki ta fito da baƙar riga da takalmin zuwa coci, ta kama makirfo ta ce, "Mun makara kaɗan, ku yi haƙuri, cunkoso ne." Filin ya ɗauka. Aka saki jiniya, na ɗaga sanduna.

Waƙar farko na yi sauri, ta biyu sanda ta kuɓuce mini, Keila ta cillo wata. Daga ta uku ban ƙara sanin ina da shekara hamsin da ɗoriya ba. Da muka kai ta biyar, na ɗaga kai na ga yaran da ba a haife su ba lokacin da muka rubuta ta suna rera ta kalma bayan kalma, suna zagaye kamar guguwa. Ba na jin su sosai, amma ina ganin bakunansu, kuma katakon da ke ƙarƙashina rawa yake yi.

An ajiye kakarki a kujerar roba gefen dandamali, an cusa mata auduga a kunne. Da aka zo waƙar ƙarshe, masu gangar Rosário na unguwarmu suka hau da fararen kayansu. Ban san Nete ta gayyace su ba. Muka yi shiru, aka saki muryar Kaka Onofre ta cika filin, yana kira kamar yadda yake yi a gaban jerin gwano. A faifai ba wanda ya amsa masa, domin mu a lokacin ba mu san amshin ba. Sai na ga kakarki ta zare audugar, ta dogara sanda ta miƙe, ta yafito Nete. Nete ta kai mata makirfo. Tsohuwar nan ta amsa wa ubanta, da 'yar muryarta mai rawa, shi ya kira ta amsa, shi ya kira ta amsa. Dubban mutane, ba ka jin ko tari. Wani ƙato a sahun gaba, gemu har ƙirji, yana ta share hanci da rigarsa. Da ta gama ta juyo ta dube ni ta ɗaga sandarta, wato shiga. Na shiga da duk abin da ya rage a jikina, masu ganga suka biyo ni, filin ya kife.

Bayan an tashi mutane sun yi layi in sa musu hannu a faifai. Na kasa riƙe biro, kakarki ce ta riƙa sa musu.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da na dawo gida na ga ɗakin da ba ke, abin ya taɓa ni. Kunnen daman ma ya ƙara yin ƙasa tun ranar, likita ya ce in yi hankali. Na ce masa to. Ban yi nadama ba, 'yata, ko kaɗan. Ki zo da Kirsimeti kamar yadda kika yi alkawari, kakarki ta riga ta fara kiwata miki agwagwa.

Zan tsaya nan. Gwaggonki tana ƙofar gida tana danna oda kamar gobara ta tashi. Tarcísio ya kawo wani sabon kiɗa da ya ce a cikin bas ya faɗo masa, kuma yau za mu gwada shi.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Jurandir